Yadda za ka riƙe shagon littafi a Maradi ba tare da waya ta cinye ka ba

Ƙanen wani abokina ne ya same ni a shago bayan la'asar, ya gama lisans ɗinshi a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, aiki bai samu ba, kawunshi ya haɗa mishi ɗan jari ya ce ya kama sana'a. Ya ce min yaya ni fa littafi nike so in saida, amma duk wanda na gaya ma sai ya ce kar in soma, wai waya ta kashe littafi, wai nan gaba kaɗan ba mai sake shiga libreri. Na ce mishi zamna. Munka yi ta magana har anka kira magariba, kuma abin da na gaya mishi shi ne nike so in rubuta nan, don na san ba shi kaɗai ke da wagga tambaya ba, akwai ma waɗanda shagon na hannunsu yanzu amma gabansu na faɗuwa kullum.

Ni dai a shimfiɗar kawuna na soma, tun ina ɗan yaro nike kakkaɓe ƙura a kan littattafai ranar Litinin da Juma'a in kasuwa ta cika, saboda haka abin da zan faɗa a cikin shago na koye shi.

Farko dai ka san wa ke cin kasuwarka, don mutane na ɗauko maganar Turai su aza ma Maradi alhali ciwon ba ɗaya ba ne. Can Amurka Amazon ya soma saida littafi ta intanet a 1995, a 2007 ya hito da na'urar karatu da ake ce ma Kindle, a 2011 wani babban kamfanin shagunan littafi mai suna Borders ya durƙushe gaba ɗaya. Wannan duk gaskiya ne. Amma ka duba sauran labarin, shi kanshi Amazon ɗin ya buɗe shagunan littafi na gini a 2015, ya rufe su a 2022, shi kuwa Barnes & Noble da kowa ke cewa ya kusa bin Borders, tun da anka sauya mishi shugaba a 2019 anka bar kowane shago ya riƙa zaɓen littafin da mutanen unguwarshi ke so maimakon a turo mishi daga sama, sai ga shi yana buɗe sabbin shaguna. Faransa kuma tun 1981 suna da doka, kuɗɗin sabon littafi ɗaya ne ko'ina, ba ka iya ragi fiye da kashi 5 cikin 100, don kar manya su taka ƙanana. Mu nan ba mu da doka irin wannan, kuma gaskiya ba Amazon ne ke hana mu barci ba, mutum nawa ne a Bagalam ko Mokoyo ke da katin banki da zai sayi littafi daga waje a kawo mishi ƙofar gida. Abokan karawarmu uku ne, PDF da ke yawo a gurup na WhatsApp, fotokopi, da labaran da marubuta ke saki kashi-kashi a waya.

In ka gane haka to sai ka zamna ka raba shagonka a kanka, wane gefe waya ta riga ta ci, wane gefe ne ba ta iya ci. Gefen littattafan soyayya na Hausa da muke ɗaukowa Kano, wannan kam ya tafi, ko in ce mafi yawanshi. Da can mata ke aiko yara da dala goma dala ashirin a karɓo musu na ɗaya da na biyu, yanzu marubuciyar da kanta ke da gurup, a tura mata kuɗɗi ta saka ka, kana kwance a ɗaki kana karantawa shafi-shafi, wasu kuma suna sakawa a Wattpad ko YouTube a karanta maka da murya ma. Kar ka zuba jarinka nan, ka aje kaɗan kawai na marubutan da sunka yi suna don akwai masu son su riƙe a hannu. Amma yaron CI, wato ajin farko na lakwal, ba ya koyon baƙi a wayar babanshi, mushe ba ya yarda ɗan 3e ya hiddo waya a aji, malamin zaure ba ya biya ma ɗalibi Risala a kan gilashin waya, kuma ba a kai ma amarya PDF ɗin Alƙur'ani a cikin kaya. Ƙafa biyu ke nan da shagonka zai tsaya a kai, lakwal da addini, saura duk ƙari ne.

Bari in daɗe a kan lakwal don nan ne cinikin shekara yake. Abin da ka samu daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba shi ke ɗaukar shago har wata rantire, wato komawa lakwal bayan babban hutu, wanda ya yi sake da wanga lokaci to ya yi sake da shekara. Kuma shirin ba a Satumba ake soma shi ba, tun Yuli da an gama jarrabawar BEPC da BAK ka ɗauki babur ka zagaya makarantun da ke kusa da kai, musamman masu zaman kansu da na faranko-arab don su ne ke ba iyaye jerin kayan da za a saya, ka gaida darakta cikin ladabi ka roƙi lis ɗin kowane aji tun daga CI har terminal. Wasu za su ba ka nan take, wasu za su ce ka dawo, wasu kuma su da kansu ke saida kayan a cikin makaranta ba za su so ka ba, kar ka yi fushi, je ka wajen iyayen da ka sani ka ɗauki hoton lis ɗin bara, galibi ba ya sauyawa da yawa. Da lis a hannu kake sayen kaya, ba da zato ba. Na taɓa ganin mutum ya cika shago da littafin lissafi mai kyau ƙwarai, bugun waje, amma ba makarantar da ke aiki da shi a garin, har yau ina jin zafin abin don jarinshi duka ke nan.

Daga nan ka yi abin da waya ba ta iya yi ma uba, ka ɗaure mishi kaya. Leda guda, an rubuta CE2 a jiki, ciki akwai littafin karatu, kaye nawa anka ce, bik shuɗi da ja, kiriyo, arduwaz, alli, abin lulluɓe kaye, komi. Uba mai ɗiya huɗu a lakwal ba ya son yawo shago-shago cikin rana da takarda a hannu, in ya san zai zo wajenka ya ce CP ɗaya, CM2 ɗaya, 6e biyu, a miƙo mishi ya ɗaure bayan babur, to ka same shi har ɗiyan su gama. Riba a kan littafin kanshi ƙarama ce, a kaye da bik ne take taruwa, shi ya sa kar ka yarda ka zan mai littafi zalla.

Wata dabara da ta taimake ni ƙwarai ita ce ajiya. Rantire na zuwa ne daidai lokacin da aljihu ya bushe, manomi bai kai ga saida gero da wake ba, ma'aikaci kuma albashi ɗaya ne za a raba. To tun watan Yuni ka buɗe kaye na musamman, uwa ko uba su riƙa kawo abin da ya samu, dala ɗari yau, jika ɗaya jibi, kana rubutawa gabansu kana ba su ɗan resi, in rantire ta zo su karɓi kayansu. Kai ka samu kuɗɗin sari da wuri, su kuma sun huta da tashin hankali. Sai dai amana ce, kuɗɗin nan ba naka ba ne sai ranar da ka miƙa kaya, kar ka taɓa su don biki ko suna, in ka ci sau ɗaya labarin zai riga ka isa gida.

'Yan jarrabawa kuma a watan Maris zuwa Mayu suke tasowa, annal na BEPC da BAK (littafin tsoffin tambayoyin jarrabawa), ƙamus, littafin konjigezon. Yawancin tsoffin tambayoyin suna yawo a waya kyauta, amma yaro mai shirin BAK da gaske yana son takarda da zai ja ma layi ya yi lissafi a gefe, ga shi ana ɗauke wuta cikin zahin nan waya ta mutu, takarda kuwa ko da tocila ana karanta ta. 'Yan jami'a su ne sunka fi kowa rungumar PDF, kar ka tara musu manyan littattafai masu tsada kana jira, su komande ake yi musu, zan zo kan wannan.

Gefen addini shi ba ya da kaka, duk shekara yana tafiya a hankali, sai dai yana son ilimi. Dole ka san bambancin Warshu da Hafsu, don in tsoho ya aiko a sayo mishi Alƙur'ani na karatun allo ka ba da Hafsu to za a maido maka, haka in yarinyar islamiyya ce ka ba ta Warshu mai rubutun namu na gargajiya malaminta zai ce ba shi ba ne. Ka san jerin da ake bi a zaure, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har zuwa Askari, ka san wanne ne ke da fassarar Hausa a gefe wanne ne zalla, ka san bugun Masar da na Beirut da na Kano, wanne ne rubutunshi ke da girma don masu raunin ido, wanne ne takardarshi ke jure hannu. In ba ka sani ba je ka gaida malamin unguwarku ka tambaye shi mi ɗalibanshi ke nema ba su samu, zai gaya maka kuma shi ne zai riƙa turo su. Kuma ka aje na kowane ɓangare, kai ɗan kasuwa ne, ɗan ɗariƙa da ɗan izala duk su shigo su samu nasu, kar ka maida shagonka wajen gardama. Kafin azumi ka ƙara Alƙur'ani da littattafan addu'a, akwai masu saye da yawa su kai masallaci sadaka ga iyayensu da sunka rasu, akwai na sauka, akwai na kayan aure. Irin waɗannan mutane sai sun taɓa da hannu, sun buɗe, sun duba bango kafin su biya.

Maganar sari yanzu. Kayan Hausa da na Arabiyya galibi Kano ne, wajen Kurmi da Sabon Gari, na Faransanci kuma Yamai. Abu biyu za ka kiyaye da hanyar Kano. Na ɗaya canji, naira na hawa na sauka, sefa kuwa a ɗaure take da kuɗɗin Turai, saboda haka ranar da ka sayi kaya ka rubuta abin da sunka tsaya maka da sefa har da kuɗɗin mota da na duwan da na ɗan dako, a kan wannan za ka sa farashi, ba a kan abin da ke rubuce da naira ba. Na biyu iyaka. Mun gani da idonmu, Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta 2019 kuma ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilu 2022, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 anka sake rufewa har Maris 2024, wanda duk kayanshi ta Ɗan Isa suke shigowa ya ji jiki. Don haka kar ka dogara da mutum ɗaya ko hanya ɗaya, ka samu amintacce a Kano, ka samu a Yamai, kuma kayan rantire su kwana a shagonka tun Agusta. Ana gina layin dogo daga Kano zuwa nan, in Allah ya sa ya ƙare kaya masu nauyi irin namu za su ji daɗi, amma kar ka yi lissafi da shi tukuna.

In kwali ya iso kar ka jera sai ka buɗe. Ɗauki littafi ka bi lambobin shafi, akwai bugun da za ka tarar shafi goma sha shida sun ɓace a tsakiya ko an maimaita su ko an juya su kai ƙasa, in Alƙur'ani ne kuwa abin ya wuce maganar kuɗɗi. Sannan akwai na jabu, hoton littafin asali anka ɗauka anka buga a takarda marar kyau, tawada na bin hannu, bango na ɓallewa kafin hutun Disamba. Na san yana da arha kuma na san talaka na nemanshi. Ni dai abin da nike cewa, kar ka taɓa saida jabu da sunan asali, kuma in kana iyawa ka nemi tsohon na asali mai tsabta ka ba mai ƙaramin ƙarfi, ya fi sabon jabu daɗewa.

To ita wayar fa. Maida ta yaron shago. Ka samu lamba ta shago daban da taka, ka sa WhatsApp, duk wanda ya sayi abu ka roƙi lambarshi ka aje da abin da zai tuna maka shi, kamar baban 'yan biyu CM1 ko malama mai islamiyya Zariya. Kullum da safe ka ɗauki hoton littafi biyu ko uku ka sa a statu, bango da shafi ɗaya na ciki da kuɗɗinshi a rubuce, kar ka ce a biyo ka ta ciki don jin farashi, mutane sun gaji da wannan. Kar kuma ka zuba hoto arba'in rana ɗaya, forfe na da tsada, za a daina buɗewa. Yawancin masu sayenmu vokal suke turowa ba rubutu ba, to ka amsa da vokal, gajere, ka gaida mutum ka gaya mishi akwai ko babu, in babu yaushe zai zo. Saurin amsa shi ne rabin cinikin, mutumin da ya tambaye ka da hantsi ka amsa da isha ya riga ya saya wani wuri.

Nan ne za ka ga shagonka ya fi ginin da yake ciki girma. Mushe na can Dakoro ko Mayahi ko Tasawa ko wani ƙauye bayan Gidan Rumji, ba libreri kusa da shi, ya ga statu ɗinka, ya turo kuɗɗi ta Nita ko Amana ko Airtel Money, kai kuma ka naɗe kayan cikin leda biyu saboda ruwa da ƙura, ka rubuta sunanshi da lambarshi da babban baƙi, ka kai tasha ka ba direban da ka sani ko ka sa a bas, ka ɗauki hoton kayan da lambar motar ka tura mishi. Wannan ai shi ne cinikin intanet ɗin da ake tsoratar da mu da shi, sai dai kai ne ke yin shi, kuma kai an san ƙofar shagonka in wani abu ya faru. Ka'ida ɗaya, sai kuɗɗi sun shigo ka ga saƙon da idonka kaya ke hita, hoton resi da anka turo maka ba kuɗɗi ba ne.

Komande kuma ga yadda nike yi. Ɗan jami'a ko likita ko ma'aikaci ya zo neman littafin da ba ni da shi, ba na cewa babu in yi shiru, sai in rubuta sunan littafin da marubucin da lambar mutumin, in tura ma mutanena na Yamai da Kano, in an samu in gaya mishi kuɗɗi da ranar zuwa, ya ba da rabi in sa a kawo. Ga ɗaliban jami'ar Maryam Abacha da ke karatu da Ingilishi, nasu ta Kano ya fi sauƙi. Ba ka ɗaure jarinka ba, kuma kayen da kake rubuta abubuwan da anka nema ba a samu ba, bayan wata shida ka buɗe shi ka duba, duk sunan da ya hito sau uku to kawo shi ka aje. Wanga kaye ya fi duk shawarar da wani zai ba ka, har da tawa.

In jari ya ɗan ƙaru sayi injin fotokopi da firinta da abin reliyir, in da hali da pano da batiri don wuta ba ta da tabbas. Ɗalibin da ya sauke PDF ɗin darasin malaminshi zai zo ka hiddo mishi a takarda, mai memuwar zai zo a ɗaure mishi, mai neman aiki zai zo da takardunshi, duk ƙafa ce ke shigowa kuma wanda ya shigo yana jiran inji idonshi na kan kanta. Amma ina roƙonka kar ka zan mai kwafe littafin mutum sukutum kana saidawa, musamman namu na gida, marubucin nan wataƙila bashi ya ci ya buga, in mu masu shago munka zan masu yanka shi to wa zai sake rubutawa mu saida.

Tsoffin littattafai kar ka raina su. Ƙarshen shekara ka sa sanarwa kana sayen littattafan lakwal masu tsabta ko kana musanya, yaro ya kawo na 6e ya cika kaɗan ya ɗauki na 5e. Ka gyara bango da salatif, ka goge rubutun kiriyo, ka jera su gefe guda da farashinsu. Haya ma tana nan da ranta in ka iya ta, littattafan labari na Hausa da na Faransanci, dala biyar ko dala goma kwana biyu, da sunan yaro da na babanshi a kaye. Kuɗɗin ba su da yawa, wasu littattafan ma ba za su dawo ba, amma yaron da ya saba shigowa yana da shekara goma shi ne zai kawo ɗiyanshi nan gaba. Ka aje banci a inuwa da randa ko kula ta ruwan sanyi, ka bar mutum ya buɗe littafi ya karanta shafi biyu uku ba ka tsare shi da ido ba. Ni abin da ya fi yi min daɗi a sana'ar nan ke nan wallahi, ka ga yarinya ta tsaya da jakar lakwal a baya ta manta da kowa cikin shafi. Kuma kai ma ka riƙa karantawa, ko da gabatarwa ce da babi ɗaya, don in uwa ta ce ɗana ɗan CE1 ne ba ya son karatu mi zan saya mishi, amsarka ita ce abin da ta zo saye.

Bashi. Bashi hanji ne yana cikin kowa, ba za ka ce ba ka bayarwa sam ba a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, amma ka sa mishi iyaka. Wanda ya fi haɗari shi ne na makaranta, a ɗauki kaya masu yawa a ce sai iyaye sun biya. Wata makaranta ta taɓa ɗaukar min kaya a Oktoba, ban ga kuɗɗina ba sai bayan azumi kuma ba duka ba, shekarar nan da ƙyar na yi sarin annal. Tun daga nan rabi a hannu, saura da rana a rubuce da sa hannu. Ka raba aljihunka da na shago, ka yanka ma kanka abin cefane na wata ka tsaya a kai, ka cire na haya da na patanti tun lokacin rantire ka aje gefe. Littafin da ya shekara biyu bai motsa ba kuwa karya farashinshi ka hidda shi ko da uwar kuɗɗi ne, ka shimfiɗa tabarma bakin shago ranar kasuwa ka zuba su, kuɗɗin da ke kwance a kanta ba sa haihuwa, kuma in an sauya tsarin karatu ya zan takardar ƙosai.

Akwai wata ƙofa da nike sa ma ido. A 2025 kundin da anka hitar na sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zan harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ba na cewa gobe za a wayi gari littattafan Hausa sun cika makarantu, amma mai shago ya kamata ya riga kowa shiri, ka nemi masu buga littattafai cikin harsunanmu a Yamai irin su Gashingo ka ji mi suke da shi, ka ware kanta guda ta Hausa a inda ido ke fara sauka, na yara, na tarihin Katsina da Gobir, na karin magana, na koyon rubutu. Sannan marubutan nan namu na waya, akwai su a Maradi da yawa, mata da maza, wasu na da dubban masu karatu amma ba su taɓa riƙe littafinsu a hannu ba. Neme su. Ku yi yarjejeniya a rubuce, a buga kofi 50 ko 100 kawai, marubucin ya sanar a gurup ɗinshi cewa ana samu a shagonka, ku raba riba, in ya ƙare a ƙara. Ka tuna musu kuma abin da ke kan waya ba ya da tabbas, OkadaBooks, shagon littafi na intanet da marubutan Najeriya da yawa sunka dogara da shi ya rufe a 2023, waya na ɓacewa, lamba na rufewa, gurup na watsewa.

Saura abokan gaba na cikin gida, gara da ƙura da ruwa. Kar kwali ya taɓa ƙasa, kar kanta ta jingina da bango, bar tazarar hannu a baya don ka riƙa leƙawa, in da hali kantar ƙarfe ta fi ta katako. Duk sati ka ɗaga kayan ƙasa ka duba, da ka ga ɗan layin jar ƙasa na hawa bango to gara ce ta iso, kar ka ce sai gobe, dare ɗaya ya ishe ta ta huda kwalin ƙamus. Lokacin hunturu ka sa ma na nuni leda ka riƙa kakkaɓewa safe da yamma, kar ka jera masu bango mai launi inda rana ke dukansu don suna koɗewa mai saye ya ɗauka tsoho ne. Kafin ruwan farko kuma, cikin watan Mayu, hau saman shago da kanka ka duba kwano, ka toshe duk hudar ƙusa, ka ɗaga dokin ƙofa in unguwarku ruwa na kwanciya.

Shi ƙanen abokin nawa na ce mishi kar ya kama hayar shago tukuna. Ya soma da tebur da kwali biyu kusa da wata makaranta a unguwarsu, da lambar WhatsApp, da kaye biyu, ɗaya na ciniki ɗaya na abin da anka nema babu. Jiya ya turo min vokal, ya karɓo lis ɗin makarantu huɗu, yana tambaya kaye mai shafi 100 ko mai shafi 200 ne ya fi tafiya a CM2, na ce mishi ya shigo gobe bayan azahar mu duba kayen bara tare.